Maƙogwaron Malam da Kofin Alhaji Babba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta ya saukar da magani. 'Yata ta biyu ce ta matsa min in rubuta jinyar mahaifinta, wai ko wata za ta karanta ta kauce wa ramin da na faɗa. Na ce mata ni tsohuwar malamar firamare ce, abin da na iya shi ne "ku yi shiru, ku buɗe littafi." Ta ce in rubuta kamar yadda nake ba ta labarin idan raina ya ɓaci. To ga shi nan yadda ya zo min.

Mijina, wanda zan kira Malam don har yau bakina bai saba da sunansa ba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A Fagge muke zaune, wajen Rijiyar Lemo. Tun da ya yi ritaya, kullum da hantsi yake tsallakawa Sabon Gari shagon Baban Chidi, wani Ibo da suka yi aiki tare a tasha, yanzu yana sayar da kayan lantarki. Can suke zama su yi dara, su zagi masu riƙe musu fansho. A lokacin shekara ta biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, su kuma tsofaffin nan sun sa rai farar hula za su tuna da su. Yana da hawan jini, amma magani sai ranar da kai ya sara masa yake sha. Na yi faɗa har na gaji, ya ce min ai jirgi ma ba kullum ake zuba masa mai ba.

Ranar wata Talata suna cikin dara, ɗan darar da ke hannunsa ya suɓuce, bakinsa ya karkace, ya zame daga kan benci. Da a Fagge ya faɗi, na san abin da za a yi. Za a shigo da shi ɗaki, a yi tofi, a shafa mai, a zauna jiran manya. Baban Chidi bai san wannan ba. Tasi ya tare, ya sa shi a ciki, sai asibiti. Matarsa, Maman Chidi, ita ta zo min a kan acaɓa. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwarmu.

"Malama, ɗauko mayafi," ta ce. "Malam ya faɗi. Da ransa, kar ki yi kuka a nan, ki bari sai mun je."

Na same shi a kan gadon da ake tura marasa lafiya, a baranda. Ɓarin jikinsa na dama ya saki gaba ɗaya. Idonsa na kaina, bakinsa na motsi, kalma ko ɗaya ba ta fita. An riga an ɗauki hoton kansa. Wani likita matashi mai gilashi ya ja ni gefe, ya tambaye ni wace ce ni a wurin Malam, sannan ya yi min bayanin da har yau nake iya maimaitawa.

"Jijiya ce ta toshe a kansa, jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Kin san gobarar kasuwa. Rumfar da wuta ta fara ci ta tafi, babu mai dawo da ita. Amma rumfunan da ke gefe, idan an yi sauri, ana iya tsare su. Akwai wani magani da ake gwadawa, ko zai tsare na gefen. Ban ce miki yana aiki ba. Abin da ake son ganowa ke nan."

Ya ce rabin waɗanda suka yarda, maganin ake sa musu a ƙarin ruwa, rabi kuma ruwan gishiri ne zalla, kuma shi kansa bai san wanda Malam zai samu ba. Na ce, "Likita, caca za ku yi da mijina?" Ya ce ta haka ne kawai ake gane ko magani ne ya yi aiki ko jiki ne ya farfaɗo da kansa. Idan na ƙi, za a kula da shi kamar kowa, babu abin da za a rage masa. Sai dai maganin ba ya jira. In an kai la'asar, ƙofa ta rufe.

Duk ɗan Kano ya san abin da kalmar gwaji take tayarwa a zuciya, tun shekarar sanƙarau da aka yi ta maganar an gwada magani a kan yara. Na san wannan. Amma abin da ya fi tsaya min a rai a lokacin shi ne Alhaji Babba.

Alhaji Babba yayan Malam ne, dilan atamfa a Kantin Kwari. Shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aurena. Ba a raɗa suna a gidanmu, ba a ba da 'ya, ko kwanon rufi ba a canjawa sai da saninsa. A danginsu kuma matar ƙane ba ta haɗa ido da yayan miji, ba ta ci ko sha a gabansa, ba ta yi masa magana in ban da gaisuwa daga tsugune. Shekara talatin da ɗoriya ina gidan, duk abin da ke tsakanina da shi ta bakin Asabe yake bi, ƙanwarsu. Ranar nan yana Legas wajen fito da kaya. Wayar hannu ba ta yaɗu ba tukuna. Baban Chidi ya ruga wajen masu buga waya, ya kira masaukinsa, aka ce ya fita. 'Ya'yanmu biyu mata ne, ɗaya tana aure a Gusau, ɗaya a Jos.

Na kalli Maman Chidi. Ta ce, "Ba zan ce miki yi ba, ba zan ce bari ba. Mijinki ne." Na sunkuya na tambayi Malam, ya zuba min ido kawai, hawaye na gangara ta gefe ɗaya. Na tuna rumfunan gefe. Na yi bisimilla na sa hannu a takardar amincewa, aka rataya masa ruwa kafin a kira azahar.

Makon farko na koyi zaman asibiti. Malam yana ɗakin maza, ni ina baranda a kan tabarma cikin sauran masu jinya, kowa da kullin kayanta da bokitinta. Na koyi juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, na koyi yi masa wanka a kwance. Masu gwajin sun ɗauki nauyin ruwansu da awon jininsu, saura kuwa har auduga sai ka bi layi ka saya. A ranar farko wata nas ta ɗiga masa ruwa kaɗan a baki don ta gani. Nan take ya ƙware, fuskarsa ta yi duhu, ya yi ta tari marar ƙarfi. Aka ce ciwon ya taɓa maƙogwaronsa, bai san hanyar ciki da ta huhu ba. Aka zura masa roba ta hanci, ta nan ake ba shi kunu da magani. Suka rubuta wani abu da Turanci suka manna a saman gadonsa, wai kada a ba shi komai ta baki. Cikin masu zuwa dubiya ban ga wanda ya ɗaga kai ya karanta ba.

Dubiya kuwa sai wanda ya gani. Ɗan Fagge ba ya zuwa asibiti hannu rabbana. Fulas na kunun tsamiya, fulas na kunun gyaɗa, farfesun kaza, zuma, zamzam a 'yar kwalba. Kowa kuma da maganinsa a baki. Wannan ya ce kitsen damo, wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wata tsohuwa ta rantse iska ce ta buge shi a Sabon Gari, a kai shi ƙauye a yi masa hayaƙi. Ina godiya, ina karɓar fulas, ina turawa ƙarƙashin gado. Da yamma in raba wa matan baranda. Har suka sa min suna Uwar Kunu.

Kafin mako ya ƙare Alhaji Babba ya dawo. Da na hango shi na gaishe shi daga nesa, na ja mayafi na koma bakin ƙofa kamar yadda aka saba. Daga nan na ga ya tsaya a kan ƙanensa, ya cire hula, ya yi kuka kamar yaro. Wallahi na tausaya masa. Sai da ya share ido ya ga robar hanci, Asabe kuma ta ba shi labarin takardar da na sa wa hannu. Ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Asabe, ki tambayar min ita, da izinin wa aka mayar da ƙanena zakaran gwajin dafi? Wa ya taɓa jin an yi wa mai shanyewar jiki allura? Tun muna yara mun san ciwon nan ba ya shiri da allura. Ita ce ta ɗaure masa harshe, ita ta kulle masa wuya."

Ina da amsa. Tun kafin a rataya ruwan nan Malam ba ya magana, ni shaida ce. Amsar ta zo har bakina ta tsaya. Na ce wa Asabe ta gaya masa, ta ce, "Malama, ki bari ya huce tukuna." Bai huce ba, ita ma ba ta gaya masa ba. Amma in faɗi gaskiya, daga ranar nan ban ƙara neman kuɗin magani a wurin kowa ba, shi ya ɗauke komai.

A mako na biyu abin da nake tsoro ya faru. Na bar Asabe a wurinsa na tafi layin magani, layin ya ƙi tafiya. Da na dawo na tarar da ita tana goge masa ƙirji, shi kuma numfashinsa yana gurnani.

"Me kika ba shi?"

"Kunu ne, ɗan kaɗan a cokali. Leɓensa duk ya tsage, ya yi ta kallon fulas ɗin. Ɗan'uwana ne fa, Malama. Ya zan yi?"

Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Aka jawo masa tukunyar iska, aka shiga allurai. Kunun ya sauka a huhu ya zama ciwo. Kwanakin nan ban san na ci ko ban ci ba, Maman Chidi ce take zuwa ta tsare ni sai na haɗiye wani abu. Likitan mai gilashi ya kira ni, ya cire gilashin ya murza ido.

"Malama, yanzu cokali ɗaya na ruwa ya fi masa haɗari fiye da ciwon da ya kawo shi. Wannan karon muna fata zai tashi. Idan aka sake, ban yi miki alkawari ba."

Asabe ta riƙe ƙafata tana kuka, ta roƙe ni da girman Allah kada Alhaji ya ji cewa ita ce. Na rufa mata asiri. Shi kuwa da ya ji labarin zazzaɓi, sai ya ɗora shi a kan allurar gwaji, ya ce ga abin da yake faɗa nan ya fara fitowa. Na roƙi likitan ya yi masa bayani da kansa. Ya tare shi a baranda cikin ladabi, ya fara magana. Alhaji bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Yaro, kai da ka gwada abin da ba ka sani ba a jikin ƙanena, kai ne za ka koya min abin da zan ba shi?"

Mako na uku Allah ya sa zazzaɓin ya sauka. Malam ya rame, ya zama kamar ba shi ba, amma idonsa ya washe, har yana matsa min yatsa da hannun hagu. A nan ne rubutu ya fara zuwa. Alhaji ya sa wani malaminsa ya yi, Asabe tana kawowa a kwalba. Kada wani ya ɗauka ina raina rubutu. Da shi aka raine ni, da shi na haifi 'ya'yana. Ina jiƙa tsumma in shafe masa fuska da hannu da ƙafa, nas kuma ta yarda ana zuba masa kaɗan ta roba. Na ɗauka an rabu lafiya, kowa ya samu abin da yake so. Ashe Alhaji yana tambayar Asabe yadda ake ba shi. Ranar Alhamis ta zo min fuska a yamutse.

"Yaya ya ce malamin ya ce wannan na kwance harshe ne. Sai ya taɓa harshen, ya bi ta maƙogwaro, don a nan ƙullin yake. Ta hanci ba ya aiki. Ya ce ran Lahadi zai zo ya ba shi da hannunsa."

Na ce ta koma ta gaya masa ƙarara, in ya ba shi zai kashe shi. Ta tafi, ta dawo ta ce ta faɗa.

"Me kika ce masa?"

"Na ce kin ce likita ya ce a ɗan dakata."

Sauran ƙiris in mare ta. Amma ita ma me za ta yi? Shi ya raine ta, a gabansa ko tari ba ta iya yi da ƙarfi. Na je wurin limamin unguwarmu, ya saurare ni da kyau, ya ce gaskiya ce da ni, addini bai ce a cutar da marar lafiya ba, sai dai tsakanin wa da ƙane abin yana da nauyi, zai nemi lokaci ya same shi. Baban Chidi ya ce zai je Kwari ya yi masa magana, na hana shi, don Alhaji yana ganin su ne suka kai Malam hannun masu gwaji. Na gaya wa nas, ta ce za ta sa ido. Na duba gabas, na duba yamma, ko'ina bango. Ba zan iya ɗauke Malam in gudu da shi ba, ba zan iya hana yayansa shigowa ba, bakina kuma ba ya buɗuwa a gabansa. Kwanakin nan na ji haushin kowa, har da Malam da ya ƙi shan maganinsa ya jefa ni a wannan hali.

Ran Lahadi bayan la'asar ɗakin ya cika da 'yan dubiya. Nas ɗaya ce a bakin aiki, kuma wani tsoho a can ƙarshen ɗaki yana fama da ransa, tana kansa. Alhaji Babba ya shigo da abokansa biyu na kasuwa, Asabe na biye da jaka. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa wa iska, na koma bakin ƙofa. Ya zauna a gefen gado. Ya fito da kwalba da wani kofin silba da ya zo da shi daga Makka. Ya cika shi. Ya sa hannu ya tallafo kan Malam, yana ce masa, "Ɗan'uwa, buɗe bakinka. Yau za ka yi min magana in Allah ya yarda."

Malam ya buɗe baki. Tun yana yaro bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ga kuma ƙishirwar makonni.

Na kira nas, muryata ta nutse cikin hayaniya. Na kalli Asabe, ta sunkuyar da kai. Na so in ce, "Alhaji, kar ka ba shi," na rantse da Allah na so, harshena ya yi nauyi kamar na Malam. Ƙafata ce ta tafi da kanta. Na ratsa tsakanin abokansa, na durƙusa a gabansa, na sa hannu biyu na karɓe kofin daga hannunsa. Ba zan iya zubar da ayar Allah a ƙasa ba. In na ajiye zai ɗauka. Sai na yaye mayafi na kafa kai na shanye, a gabansa, yana kallona. Na ɗauki kwalbar ita ma na shanye har ƙasa. Ɗacin tawada ya cika min baki, wani ya zubo min ta haɓa.

Ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "Subhanallahi." Ina durƙushe da kwalba a hannu, a lokacin ne na fara ganin fuskar Alhaji Babba sosai. Ashe suna kama da Malam, har tabon goshi. Ya mayar da kan ƙanensa kan filo a hankali, ya gyara masa bargo. Ya miƙe, ya ɗauki hularsa. Ko kofin bai karɓa ba.

"Asabe," ya ce, "ki gaya mata na bar mata shi."

Daga nan bai sake zuwa asibiti ba. Kuɗin magani bai tsaya ba, duk mako Asabe tana kawowa. Labari kuwa ya riga ni isa Fagge. Wasu suka ce jinya ce ta taɓa min kai, wasu suka ce zama da 'yan Sabon Gari ne ya cire min kunya. Wata ƙawata ta ce min ai da sai in yi kamar na yi tuntuɓe in ture kofin. Na ce mata ranar da aka tallafo kan mijinki ki yi dabarar.

Bayan wasu makonni maƙogwaron ya fara dawowa. Aka gwada shi da koko mai kauri, a zaune tsaf, kai a ɗan sunkuye, ya haɗiye bai yi tari ba. Na fita baranda na yi ta kuka har matan nan suka ɗauka rasuwa aka yi. Aka cire roba, aka sallame mu, muka shiga zaryar gashin ƙashi. A hankali ya fara jan ƙafa da sanda. Hannun dama bai dawo ba. Magana kuwa kalma biyu suka rage masa, "to" da "Allah", da su yake yin komai, har faɗa.

Masu gwajin sun ci gaba da kiranmu, su duba ko yana iya tashi, ko yana iya sa riga, su rubuta. Zuwanmu na ƙarshe na tambayi likitan, "Yanzu dai ka gaya min, maganin ya samu ko ruwan gishiri?" Ya ce har yanzu bai sani ba, sai an gama tattara na kowa daga wurare da yawa. Na ce to tashin da ya yi, maganin ne? Ya ce ba zai iya cewa ba. Na ce zazzaɓin fa? Ya ce wannan kam ya sani, kunu ne. Daga baya aka canja masa wurin aiki, ban sake ganinsa ba. Har yau ban san abin da ya shiga jijiyar Malam ba. Na sha zagi a kan abin da wataƙila ruwan gishiri ne. Duk da haka ina yi wa likitan nan addu'a, don bai taɓa yi min ƙarya don in ji daɗi ba.

Ga wadda za ta karanta, abin da na tsinta ke nan. In kin ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta ɗauke, a wuce asibiti nan take, a yi tofin a mota. In an zo miki da maganar gwaji, ki tambaya har ki gaji, kina da ikon cewa a'a, kuma ki sani duk abin da kika zaɓa da sunanki za a kira shi. In an ce kada a ba shi komai ta baki, to komai ɗin har da zamzam, har da rubutu, har da ɗigon da tausayi zai sa ki ba shi. Ki sa a rubuta da Hausa da ajami a saman gado. Ki nemo wanda babban gida yake jin maganarsa tun ranar farko, kada ki jira Lahadi ta same ki. Ina godiya ga Baban Chidi da matarsa, waɗanda har yau suke zuwa, shi ya shimfiɗa dara su yi da hannun hagu. Ina godiya ga Alhaji Babba, wanda ba don shi ba da mun sayar da gida.

Na aika masa ban haƙuri ta hannun liman, da goro da turare da kofinsa a wanke. Ya karɓa, ya ce bai riƙe ni da komai ba, Allah ya ƙara sauƙi. Buhun shinkafa yana zuwa, da azumi shadda tana zuwa. Shi ne dai ba ya zuwa. Asabe ta ce ya ce ba zai iya shiga gidan wadda ta yi masa haka a gaban mutane ba, kuma in ya ga Malam zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce in kai Malam gidansa in tsaya a waje, ta ce kada in ƙara wa wuta mai.

Da can, duk Juma'a Alhaji ne yake biyowa da mota ya ɗauki Malam su tafi masallaci, su dawo su ci abinci a gidansa. Malam bai manta ba. Ba ya iya faɗin ranaku, amma ya san Juma'a. Tun da hantsi zai fara nuna min akwati da sanda, sai na ciro masa babbar riga, na sa masa hula, na shafa masa turare, na kai shi zaure na zaunar a kan kujera yana fuskantar titi. Maƙwabta sun sha cewa ya zo su tafi da shi, ya girgiza kai. Duk motar da ta rage gudu a bakin lungu sai ya gyara zama. Ni kuma ina tsaye a bayan ƙofa, ina jin huɗuba daga nesa.

In an taso daga masallaci, mutane sun gama wucewa, sai in fito in kama shi mu shiga ciki. Malam yana nan lokacin da na karɓe kofin, da idonsa ya gani, ya kuma ji abin da yayansa ya ce. Wata Juma'a ina cire masa rigar na kasa daurewa, na ce, "Malam, ka san dalilin da ya sa na yi, ko? Ka yafe min?" Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To," ya juya kansa wajen ƙofa. Ban san wace "to" ce ba. Na ninke rigar na mayar akwati, a sama-sama, yadda ba zan sha wahalar nemanta ba mako mai zuwa.